Neman shawara: shuɗin teku ya ƙi fita, yashi kuma sai zuba yake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Barnawa, ina ɗan taɓa zane. Wata Hajiya ce ta ba ni aikin allon da za ta rataya a falo, launukan Zanzibar take so: ruwan nan mai shuɗi-shuɗi kore-kore, farin yashi, ganyen kwakwa. Fenti da ƙyallen atamfa da yashi nake haɗawa a kan filawud. To shuɗin sai ya fito kamar bular wanki, yashin kuma da ya bushe sai ya riƙa zuba. Don Allah a taimaka wa ƙanwarku.

Wani ɗalibin zane a Zariya:
Wa alaikumus salam. Ina kyautata zaton shuɗin Ultramarine gare ki, shi kuwa yana da ɗan sirkin ja, shi ya sa idan ya haɗu da ruwan ɗorawa yake dusashewa. Nemi shuɗin da ake kira Phthalo Blue. Ki fara zuba fari da yawa, ki ɗiga shuɗin, sannan ruwan ɗorawa kaɗan, kamar kan tsinke. Kada baƙi ya kusanci wurin. Fentin akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, don haka ki gwada a kwali tukuna. Kusa da gaɓa ruwan ya yi haske, can ciki ya yi duhu.

Wata Anti daga Unguwar Rimi:
'Yata, yashin bakin kogi kika kwaso kika barbaɗa a kan gam, ko? Ai dole ya zuba. Wanke shi har ruwan ya fita garau, ki shanya, ki tankaɗe da rariya. Sai ki kwaɓa shi da farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, ki shafa da wuƙa. Yashinmu ja-ja ne, ki bi shi da farin fenti bayan ya bushe. Ƙyallen kuma tela zai ba ki kyauta, amma ki jiƙa shi ki ga ko yana zuba kafin ki manna.

Wani malamin tarihi:
Ni ba mai zane ba ne, amma ki sa wuri, irin na kuɗin da, a gefen yashin. Da yawa daga cikin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya aka riƙa kawo shi, tekun da Zanzibar take ciki.

Ɗalibin Zariya:
Malam ya kawo shawara, sai dai farin gam ba ya riƙe wuri sosai, santsi gare shi. Gam ɗin bindiga, wanda ake narkarwa da zafi, za ki sa. Kuma hunturu ya kama, ki rufe taga kina aiki, in ba haka ba ƙura za ta zauna a ɗanyen fenti.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti kin canka, barbaɗawa nake yi. Saura banish, man da ake shafa wa zane bayan an gama: mai ƙyalli ko maras ƙyalli?

Antin Unguwar Rimi:
Mai ƙyalli a kan ruwan kawai. Yashi da atamfa ki sa musu maras ƙyalli.