Don Allah a ba ni shawara, yarona ya ƙi motsa jiki

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah a sakaya sunana. Wallahi abin nan ya hana ni barci. Babana (sunan mahaifina gare shi) shekararsa 15, yana SS1. Da muna cikin gari yaron nan ba ya zama, ƙwallo a lungu tun la'asar har sai na aika an kamo min shi da magariba, ƙafa duk ƙura. To tunda muka tashi muka koma sabon gida a bayan gari, irin unguwar nan da kowa ya ja get ɗinsa ya rufe, babu sa'anninsa, shikenan ya zama ɗan ɗaki, daga waya sai firij. Babansu shekara shida kenan yana fama da ciwon suga, kuma ciwon ne ajalin Hajiyarsu, ni na yi jinyarta wata bakwai, ni nake wanke mata ƙafar nan safe da yamma, abin da idona ya gani ba na fatan maƙiyina ya gani. Yanzu wandon makarantar da aka ɗinka masa farkon zango ya daina shigarsa, in ya hau bene sai ki ji yana haki. Na saya masa kambas da wandon tirenin na biya kuɗin jim (gidan motsa jiki) na wata guda, kwana huɗu ya je ya ce ya gama. Kambas ɗin na ƙarƙashin gado har yau. Ya zan yi da shi?

Tsohon Soja: Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki wahalar da kanki, maganin abin ɗaya ne, ki ƙwace wayar. In an idar da sallar asuba kar ya koma gado, ya zagaya unguwa sau uku kafin ya ga koko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nawa guda biyar haka na yi musu, babu mai tumbi a cikinsu.

Mai tambaya: Na gode Baba, amma wayar da ita yake aikin makaranta, kuma unguwarmu da asuba ba kowa a titi, ba zan iya sakin shi ba gaskiya.

Maman Biyu: Ai ni ba na ganin laifin yaran nan. Filin da yayyenmu suka yi ƙwallo a unguwarmu yanzu shaguna ne reras, ɗayan kuma an yi gidan mai. Makarantar 'ya'yana kuɗi kamar me amma ko filin asambili na kirki babu, gidan haya ne aka mayar makaranta. Ina za su yi gudun? Ke naki ma namiji ne, ni 'yata igiyar tsallake na saya mata tana yi a tsakar gida, sai da facalata ta ce wai budurwa guda tana tsalle-tsalle, daga ranar yarinyar nan ba ta sake taɓa igiyar ba, har yanzu abin yana min ciwo.

Nas ɗin Dare: Yaya ki fara kai shi asibiti a duba sugansa da nauyinsa tunda akwai a dangi, hankalinki zai fi kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 kullum suna motsa jiki, kuma ba dole sai a jim ba, ba dole a lokaci ɗaya ba. Keke, tafiya Islamiyya a ƙasa, ɗiban ruwa, wanke mota, duk suna shiga lissafi. Ya fara da minti goma sha biyar ma ya isa. Sannan lemon kwalba nawa yake sha a rana? Kuma me ya ce miki ya hana shi komawa jim ɗin?

Tsohon Soja: Minti goma sha biyar? 'Yata wannan lallashin shi ya lalata yaran yanzu. Mu da muka yi langa da kokawa a dandali wa ya riƙe mana agogo? Hajiya ki bar zancen asibiti, lafiyarsa ƙalau, lalaci ne kawai.

Mai tambaya: Ba malalaci ba ne Baba, hizifi ashirin gare shi a ka. Daga boko sai Islamiyya sai lesin, in ya dawo a gajiye yake. Lemo kuma ba kullum ba, sai in babansu ya shigo da shi.

Ɗan Pillars: Anti ni shekarata 22, kuma na yi ƙiba a sakandare, don haka na san abin. Jim ba wurin ɗan shekara 15 shi kaɗai ba ne, manya ne a ciki kowa na nuna ƙwanji. Yaron da kika ce sai an kamo shi daga ƙwallo ai ba motsa jiki ya tsana ba, abokansa ya rasa. Ranar Asabar da Lahadi ki riƙa kai shi tsohuwar unguwarku ya buga da su. Ni abin da ya tashe ni kenan, in ban fito ba sai abokaina su zo ƙofar gida suna kwaɗa sallama har sai na fito.

Mai tambaya: Ai saboda yaran tsohuwar unguwar muka tashi, wasu sun fara shaye-shaye. Batun jim kuwa cewa ya yi wai wasu samari sun ɗauke shi bidiyo yana kan injin gudu suna dariya, na ce masa namiji ba ya gudun dariya, kuɗi na biya.

Nas ɗin Dare: Subhanallah, Yaya ai nan matsalar take. Kin zauna da shi a kan wannan maganar?

Tsohon Soja: Dariya ba ta kisa. Ki ba babansa wayar ya kulle a durowa, sati biyu ki dawo ki ba mu labari.

Maman Biyu: To shi baban fa, shi da ke da sugan, yana fita tattakin? Namu dai daga mota sai kujera, in kin yi magana ki zama mai rashin kunya.

Mai tambaya: Babansu ba ya gari sai ƙarshen wata. Ni dai yanzu tunanina ko in sayo keken nan na motsa jiki in ajiye masa a falo, wa ya san nawa ake sayar da na hannu?