Wai injin 244 ne ya kashe kan jirgin ALCO PA?

Mai Sifana: Jama'a, ga maganar da na tsaya a kai: kan jirgin ƙasan fasinja mai suna PA na kamfanin ALCO, wanda aka fara ƙerawa a Schenectady ta jihar New York a 1946, injinsa na dizal, samfurin 244, shi ne ya ci shi. Guda 297 kacal aka yi har zuwa 1953. Kishiyarsa E7 ta kamfanin EMD ta kai 510, alhali ƙarfinta ɗaya da na samfurin PA na farko, doki 2,000. Injin 244 an fito da shi kasuwa bai nuna ba. Karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, yana tsagewa, metal ɗin da yake kwance a kai yana juyawa, wato boris, yana cinyewa da wuri. Wa zai sake saye?

Na Loko: Malam Mai Sifana, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Wannan 244 ɗin dai, mai silinda 12, shi ne a cikin RS-3, wani kan jirgin na ALCO, kuma an sayar da ita sama da dubu. In da injin ne kaɗai matsalar, da ita ma ta kwanta.

Mai Sifana: Silinda 12 daban, 16 daban, Oga. Na PA 16 ne. Tsawon karanshaf ya ƙaru, murɗawar da yake sha a juyi 1,000 cikin minti ɗaya ta ƙaru. Da metal ɗaya ya saki, layin ya goce, baƙin mai ya daina zama inda ya kamata, sai zafi, sai tsaga. Gyaran kuma ba na yini ɗaya ba ne, sai an sauke injin.

Injiniyan Wuta: Ku bar ni in shigo ta wajen tsari, don a nan bambancin yake. Dukansu dizal ne ke juya janareta, janareta ta ba injinan lantarki huɗu wuta, su kuma su juya ƙafafu. Kowace kujerar ƙafafu aksil uku gare ta, na tsakiya ba ya ja, nauyi kawai yake rabawa. Amma E7 injina biyu ne a cikinta, samfurin 567 na EMD mai silinda 12, kowanne doki 1,000. Ɗaya ya mutu a daji, ɗayan zai lallaɓa da fasinja zuwa tasha. PA injin ɗaya tal. Ya tsaya, kowa ya tsaya. Mai kula da jadawalin jirage wannan yake dubawa, ba kyan hanci ba, ko da yake hancin PA ya fi na kowa kyau, wannan kam ba musu.

Na Loko: To ai ka taimake ni, Injiniya. Ke nan tsarin ne, ba 244 ba.

Injiniyan Wuta: Ban ba ka gaskiya duka ba. Injin ɗaya ya fi sauƙin kula in lafiyayye ne: silinda 16 maimakon 24, janareta ɗaya, gwamna mai daidaita gudun inji ɗaya. Cacar da ALCO ta yi ke nan, injin ya ba ta kunya. Ga kuma tabo, wato famfon da ke cusa wa inji iska. 567 mai bugu biyu ne, famfon iskarsa giya ke juya shi, iska na zuwa daidai da juyin injin. 244 mai bugu huɗu ne, tabonsa hayaƙi ke juyawa. Direba ya buɗe wuta da sauri, mai ya riga iska shiga silinda, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe kamar jirgin kwal. Tabon farko iska ke sanyaya shi, zafi yana fasa shi, daga baya aka koma mai sanyaya da ruwa.

Dattijon Tasha: 'Ya'yana, kun tsallake yaƙi. A Yaƙin Duniya na Biyu hukumar da ke raba aikin masana'antu a Amurka ta bar ALCO da jiragen kwal da ƙananan dizal na jera taragu, EMD kuwa ta ci gaba da ƙera FT, kan jirgin dizal na dogon zango. Kafin a gama yaƙi 567 ya sha hanya, an gano lagonsa, makanikai sun saba da shi, kayan gyaransa sun cika sito. ALCO ta fito a guje tana son cim musu. Gaggawar da Mai Sifana ke zargi, ga inda ta samo asali. Sannan fasinjan ma ya fara komawa mota da jirgin sama.

Mai Sifana: Baba, na yarda da dalilin gaggawar, amma dalili ba ya ɗinke karanshaf. Shaidata biyu. ALCO da kanta ta ajiye 244 ta fito da sabon inji, 251. Kuma PA guda huɗun da kamfanin jirgin ƙasa na Delaware and Hudson ya saya daga kamfanin Santa Fe a 1967, da aka sabunta su a shekarun 1970, cire 244 aka yi aka sa 251, sannan suka ƙarasa aiki a Meziko.

Na Loko: Huɗun nan sun yi kusan shekara ashirin a hannun Santa Fe da 244 ɗin kafin a sayar da su. Southern Pacific, wani kamfanin jirgin ƙasan, ita ma ta riƙe PA ɗinta a hanyoyin duwatsu, saboda injinan lantarkin kamfanin GE da ke cikin PA suna jure hawa, ga birkin lantarki da E7 ba ta da shi: a gangara injinan ƙafafu su koma janareta, wutar ta ƙone a waya mai zafi a saman rufi, takalmin birki ya huta. Mataccen inji ba ya wannan aikin.

Injiniyan Wuta: Ya yi, amma a tambayi sau nawa aka buɗe cikinsa kafin ya yi.