Wai da gaske Manny Pacquiao ya taɓa zama sanata?

mai_son_dambe: Salam 'yan uwa, jiya muna kallon tsohon damben Pacquiao da Mayweather na 2015 a majalisarmu sai wani yace wai mutumin har sanata yayi a Filifin, don Allah gaskiya ne?

yar_kasuwa: Gaskiya ne ɗan uwa. Ya fara takara a 2007 ya faɗi, sai 2010 ya ci kujerar ɗan majalisar wakilai na lardin Sarangani, 2016 kuma ya shiga majalisar dattawa har 2022. Sanatocinsu 24 ne kacal kuma duk ƙasar ce ke zaɓensu ba jiha ɗaya ba, yaron da ya taso cikin talauci a birnin General Santos har yana kwana a titi, wallahi abin yana taɓa min zuciya.

malamin_aji: Haka ne hajiya amma an yi ta sukarsa kan rashin zuwa zaman majalisa, yana can yana atisaye. Wanda talakawa suka zaɓa ya kamata ya zauna yayi musu aiki.

yar_kasuwa: Wannan kam ban musa ba malam. 2022 ya nemi shugabancin ƙasa ya zo na 3, Marcos Jr ya ci.