Neman shawara: an kira mu hawan Chappal Waddi a watan Agusta, in biya ko in dakata?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsaunin Mambila da gandun dajin Gashaka Gumti a jihar Taraba. Shekarata 46, ma'aikacin ofis ne ni a Kano. Tun ina makarantar sakandare aka koya mana cewa Chappal Waddi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, kuma tun lokacin nake da burin in taka shi da ƙafata kafin ƙarfi ya ƙare.

Yanzu wani matashi mai shirya tafiye-tafiye ya haɗa mutum goma sha biyu, ya ce za a tashi tsakiyar Agusta, kwana biyar har da zuwa da dawowa daga Jalingo. Ya ce shi ne jagora, abinci da wurin kwana duk a wuyansa, kuma kuɗin da ya nema ya yi sauƙi sosai. Yana so a biya rabi kafin ƙarshen makon nan. Abubuwan da ke hana ni barci su ne: ina shan maganin hawan jini shekara uku ke nan, ban taɓa yin tafiyar ƙasa da ta wuce awa biyu ba, kuma ɗana mai shekara 16 ya nace sai ya bi ni. Mai ɗakina ba ta hana ba, amma na ga hankalinta bai kwanta ba. Sannan ga batun salla a hanya. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Ɗan Nguroje:
Wa alaikumus salam Yallaɓai. Ni a nan Nguroje, saman tsaunin Mambila, aka haife ni, kuma maganar farko da zan faɗa maka ita ce kada ka zo a Agusta. Daminarmu ba irin ta Kano ba ce. Tun wajen Afrilu ruwa ke sauka, ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba ko ma Nuwamba, kuma Agusta tsakiyarsa ne. Daga Nguroje zuwa Njawai, inda aka fi soma tafiyar ƙasa, a kan babur ake zuwa, hanyar jar ƙasa ce mai hawa da gangara. Da rani ma sai ƙwararren ɗan acaɓa, balle an yi ruwa ta koma santsi kamar an shafa sabulu. Bayan nan akwai rafuka da za ku tsallaka da ƙafa. Rafin da ruwansa yake iya idon sawu da safe, in an yi ruwa a saman dutse sai ka tarar da shi iya ƙirji da la'asar, kuma yana gudu da ƙarfi. Mu da muke nan mukan zauna a bakin rafi mu jira ya sauka, wani lokaci har a kwana.

Ko da kun kai saman lafiya, me za ku gani? Gajimare zai rufe ku, na gabanka ma da ƙyar za ka hango shi. Ga tsawa, kuma can sama fili ne na ciyawa, babu inda mutum zai fake. Ka bari sai Disamba zuwa Fabrairu. In kana son ciyawa da sauran kore kuma sama a washe, farkon Disamba ya fi, domin in hunturu ya yi nisa hazo yakan rage hangen nesa kuma makiyaya sun fara ƙona ciyawa.

Wani da ya je bara:
Abin da ɗan'uwa na Nguroje ya faɗa haka yake. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewar da ka yi wai mai shirya tafiyar shi ne jagora. Malam, dutsen nan a cikin gandun daji na gwamnatin tarayya yake, wanda aka kafa a 1991, kuma shi ne mafi girma a ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 6,000. Ba a shiga sai da izini. Hedikwatar hukumar gandun tana Serti, a kan hanyarka ta zuwa Mambila daga Jalingo bayan ka wuce Bali. A can ake yin rajista, a biya kuɗin shiga, su haɗa ku da ma'aikatansu masu gadin daji. Waɗannan su suka san hanya, su suka san wane ƙauye ake kwana, kuma su ne za su san mutum ya ɓace in ba ku fito ranar da kuka ce ba. Mai shirya tafiya aikinsa mota da abinci da haɗa jama'a. In ya ce shi kaɗai zai shige muku gaba, to ka tambaye shi sau nawa ya hau, a wane wata, kuma ya nuna maka takardar izinin da aka ba shi a tafiyar baya.

Sannan lissafin kwana biyar ɗin ya yi matsi. Daga Jalingo zuwa saman Mambila yini guda ne cur, musamman hawan da ake yi daga Mayo Selbe mai kwana-kwana. Dawowa ma yini guda. Mu kwana uku muka yi tsakanin Njawai da ƙololuwa da komowa, muka yada zango a ƙauyen Jauro Hamasale. Ka ga biyar ta cika ke nan ba tare da ko rabin yini na ko-ta-kwana ba. In babur ya lalace ko wani ya gurɗe ƙafa fa? Ka sa kwana bakwai a ranka daga Jalingo, ban da tafiyarka daga Kano ta Gombe da Numan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na kira shi yanzu, na tambaye shi batun izini. Ya ce yana da mutane a can, ba sai an tsaya a Serti ba, wai ɓata lokaci ne da ƙarin kuɗi. Da na ce sau nawa ya hau, ya ce sau ɗaya, a watan Janairu.

Wani da ya je bara:
To ka ji da kunnenka. Sau ɗaya da rani, kuma zai kwashi mutum goma sha biyu da damina ta bayan gida. Araha ba ta ado, Malam. Kada ka ba shi ko sisi.

Ma'aikaciyar jinya:
Yaya, bari in taɓa ɓangaren lafiya. Hawan jini shi kaɗai ba ya hana mutum hawan dutse in yana kan magani kuma awonsa na daidai, amma ba ni ce zan ba ka izini ba, likitan da ke duba ka ne. Ka je ka faɗa masa ainihin abin da za ka yi, wato tafiyar awa shida ko bakwai a rana kana hawa, kwana uku a jere, inda babu asibiti kusa. Ka nemi a duba zuciyarka da sukarinka. In cikin magungunanka akwai mai sa yawan fitsari, ka tambaye shi yadda za ka yi, domin za ka yi gumi sosai kuma ruwan jiki na iya ƙarewa. Ka ɗauki maganin da ya fi kwanakin tafiyar, ka raba shi gida biyu, rabi a jakarka rabi a ta yaron.

Ciwon tsawo da ake jin labarinsa a Kilimanjaro, mai mita 5,895, yawanci daga mita 2,500 yake farawa, don haka ba shi ne babban abin tsoro a nan ba. Amma kai da ka taso daga Kano, wadda ba ta kai mita 500 ba, za ka ji numfashi na yi maka nauyi a hawa. Ka kwana ɗaya a Nguroje ko Gembu kafin ka fara. In ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko ciwo na sauka hannun hagu, ka tsaya nan take, ka faɗa wa jagora, a juya. Babu kunya a ciki.

Abubuwan da suka fi kayar da mutane ƙanana ne. Ruwan rafi, ko ya yi garau, shanu na sha daga sama, sai a tafasa ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa. Ka riƙe garin gishiri da sukari na sha saboda gudawa. A ƙasa wajen Serti akwai zafi da sauro da ƙudan tsando, ka sa riga mai dogon hannu. Maciji kuma, ku bi sawun jagora, ku zazzage takalmi da safe kafin a sa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, a hana ƙafar motsi a nemi asibiti.

Wani dattijo:
Ni kam ɗana, ban ga dalilin wannan wahala ba. Kana da iyali, ga halin da ƙasa take ciki, ga wurin a bakin iyakar Kamaru. An sha jin labarin masu saran itacen katako da ake kira madrid da mafarauta da ke shiga dajin da makamai. Me ka ajiye a saman dutse? In shaƙatawa kake so, ka kai iyalinka Yankari ku kwana biyu ku dawo.

Ɗan Nguroje:
Baba, maganarka tana kan hanya, ba zan ce babu matsala ba. Shi ya sa ma muke cewa ya bi ta hannun hukumar gandun. Su suke sintiri, su suka san inda ya yi zafi a wannan makon da inda yake lafiya, kuma in suka ce kada a shiga to a haƙura. Ya kira su kafin ya baro Kano, ya sake kira daga Jalingo. Kada ya yi tafiyar dare a mota, ya riƙe katin ɗan ƙasa domin akwai shingayen jami'an tsaro, kuma saman dutsen kan iyaka yake. Amma Baba, mutane ne ke zaune a wurin nan da matansu da 'ya'yansu da shanunsu, baƙi kuma suna zuwa kowane rani.

Mai tambaya:
Baba, na ji kuma na gode da kulawa. Ban ajiye komai a can ba. Shekara ashirin ke nan ina zaune a kan kujera, yarona ya girma ban taɓa yin wani abu mai wuya tare da shi ba, daga makaranta sai waya. Ina so mu ga ikon Allah a ƙasarmu tare, ya ga ubansa ya gaji bai fasa ba. Amma ba zan kai shi inda zan yi da-na-sani ba, shi ya sa na tambaya.

Malamin Islamiyya:
Allah ya sa albarka a niyyarka. Game da salla, tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, wanda a mazhabar Malikiyya ake ƙiyastawa da mil 48, kusan kilomita 80. Za ka sallaci azahar da la'asar da isha raka'a biyu-biyu muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. In tafiya ta matsa, ya halatta ka haɗa azahar da la'asar, magariba da isha. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi. In sanyin asuba ya kai yadda kake tsoron ruwa zai cutar da kai kuma babu halin ɗumama shi, ka yi taimama. Ka koya wa yaron waɗannan kafin ku tashi. Kuma ka zauna da mai ɗakinka ka nuna mata tsarin ranar da ranar, yardarta ta fi ƙarfin kuɗin mota.

Wata Hajiya daga Yola:
Ni da ƙanena muka je shekara biyu da suka wuce, ina da shekara 41 a lokacin, kuma na kai sama. Yaro mai shekara 16 zai iya, wataƙila ma ya riga ka. Abin da zan roƙe ka shi ne takalmi. Na sayi sabo ana gobe tafiya, kafin azahar ta ranar farko dugadugaina duka biyu sun ɗuri ruwa, sauran kwanakin da hawaye na yi su. Ka sayi naka da na yaron tun yanzu, mai ƙasa mai gurza-gurza, wanda ya ɗan fi ƙafa girma saboda gangara, ku yi ta yawo da shi har ya saba. Kuna da Dala da Goron Dutse a Kano, ku riƙa hawa da sauka bayan asuba da jaka a baya, sau uku a mako, ranar Asabar kuma ku yi doguwar tafiya ta awa huɗu ko biyar. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ka nemi sanda.

Sanyin dare kuwa kada ka raina shi. Rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, safa uku ko huɗu, bargo ko jakar barci, da leda babba da za ka naɗe kaya saboda raɓa. Guzuri mara nauyi: dabino, ƙuli-ƙuli, dambun nama, garin kwaki, gyaɗa, ganyen shayi. Shayin ma a Kakara ake noma shi, nan saman Mambila, ka tsaya ka ga gonar in da hali. Ku ɗauki 'yan dako daga ƙauyen, ku yi ciniki a fili kafin a tashi, ku ciyar da su abin da kuke ci. Kuɗi a hannu, domin waya ba ta samun layi a mafi yawan hanyar.

Abin da ban manta ba har yau shi ne karamcin Fulanin da suka sauke mu. Sun ba mu ɗaki, suka kawo kindirmo da ɗuminsa. In kun isa ku fara gaida Jauro, wato mai garin, ku riƙa masa goro da sukari da ganyen shayi. Fulatanci aka fi yi, amma za a samu mai jin Hausa. Kada yaron ya ɗaga waya ya ɗauki hoton mata ko garke sai ya nemi izini, kuma kada a tambayi mutum yawan shanunsa.

Mai tambaya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na faɗa wa yaron nan mai shirya tafiya cewa ba da ni ba, na kuma tura wa mutum biyu da na sani a cikin ayarin abin da kuka rubuta. Na karɓi ranar ganin likita Litinin mai zuwa. In ya amince, za mu sa tafiyar a hutun makaranta na Disamba, ta hannun ofishin Serti, kwana bakwai daga Jalingo. Na karanta wa mai ɗakina duka, ta ce sharaɗinta a bar mata lambar ofishin gandun da ranar da za mu fito. Ɗan'uwa na Nguroje, saura tambaya ɗaya: babur ɗaya zai ɗauke ni da yaron da kayanmu zuwa Njawai?

Ɗan Nguroje:
A'a Yallaɓai, kowa da nasa, kaya ma in sun yi yawa a ba su na uku. Akwai wuraren da dole ku sauka ku taka a tura babur. Ku tashi da sassafe bayan raɓa ta ɗan ɗauke, kuma ku yi alkawari da 'yan acaɓar ranar da za su dawo ɗaukarku, rabin kuɗi a zuwa, rabi in sun dawo.