Muhawara: gwajin DNA kaɗai ya isa a ce an gano sabon jinsin kwaɗo?

Malam Habu: Jama'a, ga inda na tsaya. Zamanin auna ƙafar kwaɗo da bin kukansa a fadama cikin dare ya wuce. A yanki ɗan nama, a karanta guntun DNA ɗin nan da ake kira 16S, mai harufa kusan 550, a gwada da na 'yan uwansa. In bambancin ya kai kashi 3 cikin 100, to jinsi ne daban. Ku dubi Madagaska: a 2009 kwaɗi 244 ne ke da suna a tsibirin, da aka bi su da wannan gwaji sai lissafi ya nuna 373 zuwa 465. Wane ido ne zai iya wannan aiki?

Dakta Rabi: Malam Habu, hujjar da ka kawo ita ce ta kayar da kai. Masu binciken ba su ce duk wanda ya haye kashi 3 ya zama jinsi ba. Sun ware waɗanda siffar jiki ko kuka ya gaskata bambancinsu, 129 ne, su aka ɗora a kan 244 aka samu 373. Sauran suna jiran shaida. Akwai ma waɗanda DNA ɗinsu ya yi nisa da juna amma aka bar su a jinsi ɗaya. Dalili kuwa, 16S a cikin maitokondiriya yake, wato ɓangaren ƙwayar halitta mai samar da ƙarfi, ta wajen uwa kawai ake gadonsa. In jinsi biyu suka taɓa barbara a inda iyakarsu ta haɗu, maitokondiriyar wannan na iya shiga zuriyar wancan ta zauna. Sai gwajinka ya haɗa waɗanda ba ɗaya ba. Haka kuma kogi ko dutse na iya raba jama'ar kwaɗi tsawon zamani, 16S ya bambanta, alhali da za su haɗu da sun hayayyafa lafiya lau.

Isiyaku: Dakta, a yi wa Malam adalci. Kama da wane ba ta wane. Kwaɗon nan mai haure na magangarun ruwan Gini, Saliyo da Laberiya, Odontobatrachus natator, tun 1905 yake da suna ɗaya. Sai a 2015 aka fitar da jinsi huɗu daga cikinsa: arndti, fouta, smithi da ziama. Shekara 110 masana na kallonsa ba su raba ba. DNA ne ya tona.

Dakta Rabi: Ya tona, ban musa ba. Amma kafin a raɗa sunayen sai da aka koma kan samfuran, wato kwaɗin da aka adana, aka auna su, aka duba fatar tsakanin yatsu da ƙullutun cinyar maza.

Malama Hadiza: Ni kuka nake so a ba haƙƙinsa, domin da shi macen kwaɗo take zaɓen namiji. In kukan ya bambanta, katangar da ke hana barbara ce kake ji da kunnenka. A Amurka akwai kwaɗin bishiya biyu masu ruwan toka, Hyla versicolor da Hyla chrysoscelis. A hannu ba ka raba su. Na farko kuromozom (ƙunshin DNA a cikin ƙwayar halitta) 48 gare shi, na biyu 24, kuma kukan na biyu ya kusa ninka na farko sauri. Kwaɗon da aka gano a birnin New York, Rana kauffeldi, kukansa ne ya fara jawo hankali, DNA ya biyo baya, aka ba shi suna a 2014. A nan gida ma, kwaɗon Sahel da ake kira Sclerophrys xeros, mai jan zane a bayan cinya, a 1976 aka ware shi daga ɗan'uwansa Sclerophrys regularis da ke tsalle a tsakar gidajenmu da damina, tun ba a fara wannan gwaji ba, kuma kuka na cikin abin da ya raba su.

Sai dai naɗar kuka tana da ƙa'ida, a nan mutane ke ɓata aiki. A naɗa da tsarin WAV, kada a yi da MP3 ko saƙon murya na WhatsApp, domin suna matse sauti su zubar da wani ɓangare. Makirufo ya tsaya kamar mita ɗaya daga kwaɗon. A rubuta zafin iska a daidai wurin, in a ruwa yake zaune a auna na ruwan, saboda jinin kwaɗo yanayi yake bi: sanyi na rage saurin kuka, zafi na ƙara shi. Chrysoscelis a daren sanyi na iya yin kuka kamar versicolor a daren zafi. Abu mafi muhimmanci, wanda ya yi kukan shi za a kama. A bakin kududdufi jinsi biyar na iya yin kuka a lokaci guda, ka naɗi muryar wani ka damƙo maƙwabcinsa.

Malam Habu: Malama, duk na ji. To macen da ba ta kiran kowa fa? Talibambam fa? Kwaɗin Xenopus a ƙarƙashin ruwa suke kuka, sai da makirufon cikin ruwa. Kuma dazuzzuka ƙarewa suke yi. Kafin a tara shaidu uku-uku, an sare dajin, kwaɗon ya tafi babu suna, wanda ba shi da suna kuwa ba ya shiga jerin waɗanda ake karewa. Wannan ne ke ci mini rai.

Dakta Rabi: Damuwarka gaskiya ce, kuma wajen haɗa talibambam da iyayensa 16S ba shi da na biyu. Amma Xenopus da ka ambata su ne suka fi nuna iyakarsa. Tropicalis kuromozom 20 gare shi, laevis 36, longipes na tafkin Oku a Kamaru 108. Irin wannan ninki daga barbarar jinsi biyu yake fitowa, maitokondiriya kuwa tarihin uwa kaɗai za ta ba ka. Shi ya sa a 2015, da aka bayyana sababbin jinsi shida, ciki har da fischbergi na yankinmu da a da ake lissafa shi cikin muelleri, sai da aka haɗa DNA na uwa da na cibiyar ƙwayar halitta, da kuka, da siffar jiki. Suna na gaggawa kuma yana da illa: ka tsaga jinsi ɗaya gida uku, kowane ya zama kamar mai gab da ƙarewa, kuɗin kariya ya tafi inda ba a buƙata.

Malam Bala: Ku bari in faɗi inda aikin ke lalacewa tun kafin a kai ga wannan gardama. A ɗauki hoton kwaɗo yana raye, baya, gefe, ciki da bayan cinya, domin launi na kodewa a kwalba. A kashe shi ba tare da azaba ba, da maganin sa barci irin MS-222. A yanki hanta ko naman cinya a sa a itanol mai ƙarfin kashi 96 kafin fomalin, maganin da ke hana jiki ruɓewa, ya taɓa shi, domin fomalin na daddatsa DNA. A wanke almakashi tsakanin kwaɗo da kwaɗo, in ba haka ba naman wannan ya gurɓata na wancan. Bayan fomalin, jikin ya koma itanol kashi 70. Lamba ɗaya ta bi hoto, sauti, nama da jiki, a rubuta ta da fensir, tawada narkewa take yi. Wajen awo, a fara da tsawo daga hanci zuwa dubura, a gwada namiji baligi da namiji baligi, mace da mace. Sannan a yi hattara da GenBank, rumbun bayanan DNA na intanet, akwai bayanan da aka shigar da sunan da ba nasu ba.

Isiyaku: A ƙara da cewa sabon suna na buƙatar samfurin asali da aka ayyana, wato kwaɗon da aka adana don ya wakilci sunan, da bayanin abin da ya raba shi da sauran. Tun 2012, in a intanet aka wallafa, sai an yi rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi.

Malam Habu: To Dakta, ga samfur ɗaya tilo, bambancinsa kashi 6, babu kuka. Ni zan raɗa masa suna.

Dakta Rabi: Ni ba zan raɗa ba, Malam. Zan wallafa shi da lambar wucin gadi da wurin da aka kama shi, yadda masu kare daji za su iya kafa hujja da shi. A karanta RAG1, guntun DNA na cibiyar ƙwayar halitta da ake gada ta wajen uwa da uba, daga naman da ke hannu, a gwada shi da samfuran asali na tsofaffin sunaye, don wataƙila an taɓa raɗa masa suna aka manta. Ruwan farko na sauka, a koma wurin da makirufo da ma'aunin zafi, a nemo maza masu kuka.