Neman shawara: aika samfurin sauro cikin itanol ta jirgin sama

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara. Bincike nake yi kan sauro, kuma zan aika 'yan kwalabe 40 zuwa wani ɗakin gwaji a ƙasar waje. Kowace kwalba tana ɗauke da sauro cikin mililita 2 na itanol (sinadarin alkohol da ake adana samfuri a ciki) mai kashi 70 cikin ɗari. Kamfanin jigilar da na je sun ƙi karɓa, wai kaya ne masu haɗari, alhali duka ruwan bai kai rabin kofi ba. Wani ya ce in rubuta "samfurin ƙwari" kawai in yi shiru, amma raina bai kwanta da hakan ba. Shin babu sassauci ga ɗan abu kaɗan haka?

Amsar wani ma'aikacin jigilar kaya:
Wa alaikumus salam Malama. Ki yi watsi da shawarar yin shirun nan. Itanol lambarsa UN1170 a jerin kaya masu haɗari na Majalisar Ɗinkin Duniya (UN), yana rukuni na 3 na ruwan da ke kama wuta, kuma ɓoye shi laifi ne da zai hau kan wanda ya aika. Idan jirgi ya yi sama matsin iska yana sauyawa, murfin da bai ɗauru ba sai ya fara tsiyaya.

Sassauci kuwa akwai shi. Dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda littafin IATA (ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya) ke bi, sun ba kowane sinadari mai haɗari lamba daga E0 zuwa E5, mai nuna yawan sassaucin da aka yi masa. E0 babu rangwame ko kaɗan, irin su batirin litiyam. Itanol mai ƙarfin naki yawanci E2 ne: kada kwalba ɗaya ta wuce mililita 30, kada kwalin gaba ɗaya ya wuce 500. Naki 80 ne, kin ga kina ciki. Ki duba sashe na 14 na takardar bayanan tsaro ta sinadarin, wato SDS, don ki tabbatar.

Abin da aka ɗauke miki shi ne babbar takardar shelar kaya masu haɗari da kwali mai hatimin UN. Ɗaurin kaya yana nan daram, hawa uku. Ki naɗe murfin kowace kwalba da tef, ki jera su a mazubi na biyu da auduga ko takarda mai tsotse ruwa wadda za ta iya shanye dukan ruwan in sun fashe, sannan kwali mai ƙwari. Dole irin wannan ɗaurin ya jure faɗuwa daga tsayin mita 1.8. A jikin kwalin a liƙa alamar nan mai harafin E da jan ko baƙin zane a gefe, santimita 10 kowane ɓangare, a rubuta lambar rukuninsa, wato 3, a ciki. A takardar jigilar jirgi ma sai an ambata.

Amsar wata mai kula da ɗakin gwaji:
Ƙanwata, ƙari a kan bayanin Malam: in kin rage ruwan kowace kwalba zuwa mililita 1, jimilla kuma ba ta wuce 100 ba, kin faɗa matakin da ko alamar E ba a buƙata. Ɗauri mai ƙwari da abin tsotse ruwa dai suna nan.

Amma naki yana da tasa ƙofar. Ki nemi tanadin A180 a littafin IATA. An yi shi ne domin samfurin dabbobi da ƙwari marasa cuta da aka adana cikin itanol. Kwalba kada ta wuce mililita 30, a saka a leda a liƙe bakinta da zafi, a sake sakawa a wata ledar da abin tsotse ruwa a liƙe, kwalin kada ya wuce lita 1, a rubuta a jikinsa cewa samfurin binciken kimiyya ne ƙarƙashin A180. Ki lura da "marasa cuta". In akwai zaton sauron na ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, magana ta koma wani babi.

Kuma ki fara tambayar masu karɓa. In gwajin ƙwayoyin halitta kawai za su yi, da yawa suna karɓar sauro busasshe a kan silika (ƙwayoyin nan masu tsotse danshi), babu ruwa babu rigima.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Yaya, Allah ya saka da alheri. To in abokin aikina zai yi tafiya, zai iya riƙe su a jakarsa? Ko in bi ta gidan waya?

Ma'aikacin jigilar kaya:
Kayan da ke ƙarƙashin lambar E ba sa shiga jakar fasinja, ba sa bin gidan waya. Na A180 an yarda fasinja ya ɗauka in an ɗaure yadda Hajiya mai kula da ɗakin gwaji ta bayyana, amma ya tuntuɓi kamfanin jirgin tun kafin ranar tafiya. Kowane kamfani yana da ikon ƙin karɓa ko da doka ta halatta, shi ya sa ki nemi sashensu na kaya masu haɗari, ki ambaci UN1170 da A180. Wanda zai ɗaure kayan E kuma dole ya zama ya samu horo, don haka ki nemi jami'in kula da kaya masu haɗari na ɗakin gwajinku. Izinin shigar da samfurin ƙwari ƙasar da za su je daban yake, masu karɓa ne za su nemo miki kafin ki rufe kwalin.