Ina jin matuƙin jirgi amma ba na jin hasumiya

Sabon shiga:
Assalamu alaikum. Na sayi na'urar sikana mai laluben tashoshi da kanta. Idan na sa ta lalube tsakanin megahaz 118 da 137, wato zangon jiragen sama, muryar matuƙi takan fito a shaƙe har ba a gane abin da yake faɗa, amsar hasumiyar filin jirgi kuwa ba na jin ta ko kaɗan. Shin na'urar ce ba ta da kyau, ko akwai abin da ban fahimta ba?

Tsohon ma'aikacin sadarwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Na'urarka lafiyarta ƙalau. Sanin lambar mita kaɗai bai isa ba, sai ka san tsarin da aka ɗora murya a kanta. Jiragen sama da AM suke magana, alhali jiragen ruwa da yawancin rediyon oba-oba da siririyar FM suke aiki, saboda haka idan sikanarka tana kan FM dole muryar ta shaƙe. An bar jirage a kan AM da dalili mai ƙarfi: idan mutum biyu suka danna makirufo lokaci guda, a FM mai ƙarfi kan danne mai rauni ba wanda ya sani, a AM kuwa ana jin fito, sai jami'in hasumiya ya gane cewa magana biyu sun yi karo, ya nemi a maimaita.

Mai sha'awar eriya:
Batun hasumiya kuma nisa ne da tsayi. Zangon VHF, daga megahaz 30 zuwa 300, ba ya dawowa daga sararin sama a kullum kamar gajeren zango. Kusan miƙe yake tafiya, gini da tudu suna tare shi. Jirgin da ke sama da kilomita 10 kana iya jin sa daga fiye da kilomita 300, amma hasumiyar da ke ƙasa tana iya ɓace maka ko da ba ta wuce kilomita 30 ba. Ka fitar da eriya waje, ka ɗaga ta. Tsawonta ma yana da lissafi: raba 75 da lambar megahaz, wanda a kan megahaz 127 zai ba ka 0.59 na mitar awo, wato kusan santimita 59. Ƴar guntuwar eriyar robar da ke zuwa da na'ura ba ta kai haka ba.

Tsohon ma'aikacin sadarwa:
Ƙari kaɗan, Malam. Ka duba tazarar tsallen na'urar, domin a Turai an matse tashoshin jirage zuwa kilohaz 8.33 maimakon 25, kuma kada ka ɗaure maɓallin kashe shuu da yawa, don yana toshe raunanan muryoyi. Kafin ka wuce zangon jirage, ka binciki dokar ƙasarka, domin akwai ƙasashen da suka hana sauraron wasu mitoci ko yaɗa abin da aka ji.